Mai Tafiya Da Gidansa: Matafiyi Ne Ko Mazauni?

 

Akwai wata irin mota da ake yawan amfani da ita a Turai da Amurka da Ostareliya, wadda in za a raɗa mata suna da Hausa babu wanda ya dace da ita kamar tafi-da-gidanka. Daga waje kamar ƙaramar bas take, amma cikinta ɗaki ne sosai, ga gadaje, ga murhun gas, ga tankin ruwa, ga makewayi, har da firiji. Magidanci yakan yi hayarta na mako biyu ko uku, ya kwashi iyalinsa su yi ta ratsa ƙasa, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Dattawan Kaduna da Kano ba baƙinta ba ne, domin a shekarun 1970 da 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido sun sha ƙetaro Sahara a cikin ire-irenta, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su iso Kano buɗu-buɗu da ƙura, kafin rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa na shekarun 1990 su rufe wannan hanya.

A wancan zamani abin kallo ce kawai. Yanzu kuwa da 'ya'yan Musulmi na Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki suka bazu a ƙasashen waje wajen neman ilmi da aiki, iyaye kuma suna kai musu ziyara, motar ta tashi daga abin kallo ta zama mas'ala ta fiƙihu. Mas'alar ita ce, mutumin da yake tafe da matarsa da 'ya'yansa da gadonsa da tukunyarsa, shin matafiyi ne wanda shari'a ta yi wa rangwame, ko kuwa mazaunin gida ne? Jama'a sun rabu biyu a kan wannan. Wani ya ce ai don wahala aka yi rangwame, shi kuwa bai ga wahalar da ya sha ba, saboda haka sai ya cika sallarsa yana ganin tsantseni ya yi. Wani kuma tun daga ranar da ya taka jirgin sama ya ɗauki kansa matafiyi har ranar da zai komo, ko da zai yi wata guda a ɗaki ɗaya, ya yi ta kasaru, wani lokaci ma ya tara sallolin yini ya zubar da su gaba ɗaya bayan Lisha. Na farkon ya bar sunna. Na biyun kuwa sallarsa ce take cikin haɗari, wannan ne ya sa maganar ta wuce a yi shiru a kanta.

Wanda ya san tarihin aikin Hajji a ƙasar nan ba zai ɗauki tambayar sabuwa ba. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, iyalai masu yawa sun mai da bayan babbar mota gidansu na watanni. A ƙarshen shekarun 1940 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta mota. Maniyyaci daga Kaduna yakan nufi Kano ko Jos, daga nan Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lamy, watau garin da aka sake wa suna Njamena a 1973, a bi ta Ati da Abeshe zuwa Adre, a shiga Sudan ta Janaina, a wuce Fashir har Al-Ubayyid, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso tun 1912. Daga can jirgin ƙasa ne zuwa bakin Bahar Maliya, a tsaya a Sawakin domin binciken lafiya, sa'an nan jirgin ruwa ya tsallakar da su Jidda.

Irin zaman da aka yi a cikin waɗannan motoci ya fi ƙarfin a kwatanta shi da na motar haya ta Turai. Mace ta haɗa murhu a gindin taya, yara su yi barci a kan buhunan gero, tsohuwa da butarta da ɗan dutsenta na taimama ƙulle a bakin zane. In damina ta riske su a laka ta ƙasar Chadi sai mota ta kafe, a yi kwanaki ana jiran ƙasa ta tsane. Wanda guzurinsa ya ƙare ya sauka a gonakin auduga na Jazira ya yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu kafin ya ci gaba. An haifi 'ya'ya a hanya, an binne iyaye a hanya, waɗansu kuma ba su komo ba har abada, suka zauna tare da 'yan'uwansu da suka riga su, irin mutanen Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu Shuɗi, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya daɗe yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello, ya yi aikin kula da alhazan Nijeriya a Jidda a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da irin waɗannan ayari suke kan isowa. Jirgin sama da yaƙin basasar Chadi ne suka kashe wa hanyar kasuwa, rikicin Darfur na 2003 da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 suka ƙarasa ta. Maniyyacin yau daga sansanin alhazai na Mando yake shiri, cikin 'yan sa'o'i sai ga shi a Jidda ko Madina.

To, waɗancan bayin Allah ba a makance suka yi sallolinsu ba. Da wuya ayari ya rasa malami mai gafaka, a cikin gafakar kuwa akwai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Misira na ƙarni na 14. Amsar da suka samu a waɗannan littattafai ita ce har yau amsar mai hayar mota a Ingila.

Asalin al'amarin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, inda Allah Ya ɗauke laifi ga matafiyi in ya rage salla, sa'an nan aikin Annabi (S.A.W.) ya bayyana yadda ake yi. A mazhabar Imamu Malik kasaru sunna ce mai ƙarfi, ta shafi Azahar da La'asar da Lisha, a yi kowace raka'a biyu. Asuba da Magariba ba a taɓa su. Da Shehu Halilu ya zo kan waɗanda suke da wannan rangwame, sai ya ambaci wani mutum musamman, shi ne matuƙin jirgin ruwa wanda yake tafe da iyalinsa a cikin jirginsa. Wannan mutum jirgin ne sana'arsa, a ciki yake kwana, a ciki matarsa take girki, amma duk da haka hukuncin da aka ba shi shi ne ya yi kasaru muddin tafiyarsa ta cika sharuɗɗa. Babu misalin da ya fi wannan kama da motar tafi-da-gidanka. In jirgin da mutum ya mallaka, yake rayuwa a cikinsa shekara da shekaru, bai mai da shi mazauni ba, yaya motar hayar mako biyu za ta mai da shi?

Hikimar da malamai suka gani a nan ita ce, shari'a ta rataya hukuncin ne a kan tafiyar kanta, domin ita wahala ba ta da ma'auni. Abin da ya gajiyar da tsoho wasa ne ga saurayi. Da an ce sai wanda ya wahala zai yi kasaru, da kowa ya zama alƙalin kansa, da kuma masu waswasi sun shiga uku. Saboda haka sarki a kan taguwa da talaka mai tafiyar ƙasa hukuncinsu ɗaya ne, haka mai kwana a kan katifa a cikin mota mai na'urar sanyaya ɗaki da mai kwana a kan buhun gero. Gaskiya ne Imamu Ahmad bin Hambali ya saɓa a kan wannan matuƙi, yana ganin wanda ba shi da wani gida sai jirginsa, iyalinsa kuma suna tare da shi, bai rabu da gida ba balle a kira shi matafiyi. Wannan saɓani ya shafi mutanen da suka sayar da gidajensu suka koma zama a mota dindindin, akwai irinsu kuwa a Amurka. Bai shafi baƙon da ya bar gidansa a Malali yana jiransa ba.

Kada mai karatu ya ce wannan magana ta masu kuɗi ce kaɗai. Duk wanda ya bi ta Mararrabar Jos da dare ya ga direbobin tirela da tanka da yaransu, kowanne da 'yar katifarsa a bayan kujera da risho da buta. Waɗansu daga cikinsu kwanan da suke yi a mota ya fi wanda suke yi a gida. Su ma hukuncin matuƙin jirgin nan ne ya hau kansu, yawan tafiya bai cire musu sunan matafiya ba, suna kasaru tsakanin Legas da Kano komai yawan sawun da suka yi a wata.

Amma fa rangwamen yana da ƙofofi, mai motar yawon buɗe ido kuwa ya fi kowa sauƙin kuskure musu. Ta farko ita ce nisa. Risala ta ƙayyade shi da baridi huɗu, watau mil 48 na mutanen da, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi kasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Jidda ko Makka zuwa Ɗa'ifa, Imamu Malik ya ce wannan shi ne baridi huɗu. Ba nisan kaɗai ake bukata ba, sai mutum ya ƙudurta shi tun daga farko. A ƙaddara wani magidanci ya karɓi mota a London ya ce Edinburgh ya nufa, tafiyar da ta haura kilomita 600. Wannan matafiyi ne tun daga fitarsa gari, ko da a kowace rana kilomita 40 kaɗai zai ci ya yi zango. A ƙaddara kuma wani ya karɓi irin motar ya ce ba shi da inda ya nufa, duk inda ya ga wuri mai kyau nan zai tsaya. Littattafan fiƙihu sun san irin wannan mutum, sun haɗa shi da makiyayi mai neman ciyawa, suka ce ba ya kasaru sai in ya tabbata zai ci wancan nisa kafin ya sami abin da yake nema. Bafulatanin da ya tashi da shanunsa bai san ko a bayan tudun can zai sami makiyaya ba, cika salla yake yi, ko da a ƙarshe tafiyar ta kai shi Adamawa. Mai yawo ba alƙibla a kan titunan Faransa ɗan'uwansa ne a hukunci.

Ƙofa ta biyu ita ce niyyar zama, a nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, ko abin da zai kai salla ashirin, hukuncin tafiya ya yanke masa daga isarsa. Iyalin da suka tashi daga Kaduna suka sauka gidan ɗansu a Birmingham da niyyar yin mako guda kafin su karɓi mota, mazauna ne a wannan mako, salla huɗu-huɗu za su yi. Ranar da suka fita da motar sabuwar tafiya ce, da sabon lissafi. Haka in suka isa wani zangon motoci a bakin tafki, wurin ya yi musu daɗi, maigida ya biya kuɗin kwana biyar, to da biyan nan ya zama mazauni shi da iyalinsa, ko da ƙafafun ɗakinsu tayoyi ne. In sun tashi daga nan sai a duba abin da ya rage na tafiyar, in ya kai nisan kasaru su yi, in bai kai ba su cika. Mazhabar Abu Hanifa ta sa iyakar zaman a kwana goma sha biyar, shi ya sa baƙo zai ga 'yan'uwa Musulmi na Pakistan ko Turkiyya suna kasaru a inda shi yake cikawa. Ba abin jayayya ba ne a gidan mutane.

Akwai kuma zaman da ba a yi niyyarsa ba. Mota ta lalace, makaniki ya ce gobe, gobe ta yi ya ce jibi. Mai wannan hali yana nan a kan kasarunsa komai daɗewa, domin kullum zuciyarsa a kan tashi take. An ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi kwana ashirin a Tabuka yana kasaru, malamai suka fassara shi da irin wannan zama. Haka alhazan da suka maƙale a Janaina suna jiran a gyara musu mota suka yi. Amma wanda ya san bisa al'ada abin da yake jira ba zai samu ba kafin kwana huɗu, kamar wanda aka ce masa kayan gyaran sai an aiko daga wata ƙasa nan da mako biyu, wannan saninsa ya tsaya a matsayin niyya, sai ya cika. Wanda ya sauka a Jazira ya karɓi gona kuwa babu ko tambaya a kansa.

Ƙofa ta uku ita ce dalilin tafiyar. Wanda ya fita domin saɓon Allah ba shi da rabo a rangwame. Malaman Malikiyya sun kuma karhanta kasaru ga mai tafiyar wasa tsantsa, suka ba da misali da mai farauta don nishaɗi kawai. Fita da iyali domin su huta, su sada zumunci, su ga ƙasa, halal ne a wurin jumhurun malamai, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya yi kira ga mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda Allah Ya fari halitta da yadda ƙarshen al'ummomin da suka gabata ya kasance. Uban da ya tsai da mota a gaban fadar Alhamra a Garnaɗa ya ba 'ya'yansa labarin yadda mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus a 1492, ya yi amfani da kuɗin mansa. Abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba shi ne, mutumin da yake da halin hayar irin wannan mota da kuɗin jirgin mutum shida, alhali bai sauke farali ba, ya dubi lamarinsa da kyau. Malamai sun yi saɓani ko Hajji wajibi ne da gaggawa ko da jinkiri, amma babu wanda ya ba shi tabbacin ganin baɗi.

Game da haɗa salla biyu, wannan rangwame ne dabam da kasaru, jama'a ne suke cakuɗa su. A mazhabar Malik an yarda matafiyi a tudu ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, gwargwadon yadda tafiyar ta kama. In rana ta gushe yana zango, kuma ya san in ya tashi ba zai sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, sai ya yi Azahar da La'asar tare kafin ya tashi. In ta gushe yana bisa hanya, yana da niyyar tsayawa kafin rana ta yi fatsi-fatsi, sai ya jinkirta su ya yi su tare in ya sauka. Amma wanda ya kafa motarsa a zango zai wuni a nan, yara suna wasa, shi yana shan shayi, wannan kasaru zai yi, kowace salla kuwa a lokacinta. Asuba ba a haɗa ta da kome, La'asar ba a haɗa ta da Magariba. A kan ruwa ma Malikiyya ba su ba da izinin haɗawa ba, saboda haka wanda ya shigar da motarsa jirgin fito daga Dover zuwa Calais, in lokaci zai fita kafin a sauka, ya yi sallarsa a jirgin yana fuskantar alƙibla. Farilla ba ta halatta a kan kujerar mota tana gudu in babu larura irin ta tsoro ko rashin lafiya. A tsaya a wurin da doka ta yarda, a sauka ko a yi a cikin motar tana tsaye, da tsayuwa da ruku'u da sujada. Nafila ce aka yarda matafiyi ya yi a kan abin hawa duk inda ya fuskanta, ita ma ban da direba, wanda rayukan mutane suke hannunsa.

Maganar alƙibla tana bukatar faɗakarwa, domin Bahaushe ya saba kiranta gabas har ya ɗauka duk duniya haka take. Daga Kaduna gabas ce mai karkata arewa. Daga London kudu maso gabas ce, daga Istambul ta fi kusa da kudu, daga New York kuwa arewa maso gabas. Motar da ake juya ta kowane dare ba ta da bangon gabas, sai a nemi alƙibla sabuwa a kowane zango, da kamfas ko wayar hannu ko tambayar Musulmin wurin. Lokutan salla ma haka. A arewacin Birtaniya cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, shafaƙi kuma yakan ƙi ɓacewa har gari ya waye. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna wannan a 1986, ta ba da fatawar a ƙiyasta lokaci a inda alamominsa suka ɓace. Abin da ya fi sauƙi ga baƙo shi ne ya bi jadawalin masallacin da ya fi kusa da shi. In ya shiga masallacin ya bi limami mazauni, to ya cika huɗu tare da shi. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, in ya halarta kuwa ta isar masa, kuma abin so ne uba ya kai 'ya'yansa su ga yadda sahu ɗaya yake haɗa Balarabe da Bature da mutumin Indiya.

Ruwan tanki tsarkakakke ne muddin ba a zuba masa abin da ya sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba. In ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, sha ya gabaci alwala, a yi taimama, dutsen tsohuwar nan ta hanyar Sudan yana da amfaninsa har yau. Tukwane da kwanonin da aka tarar a motar haya ba a san abin da aka dafa a cikinsu ba, hukuncinsu yana cikin hadisin Abu Sa'alaba, wanda ya yi tambaya a kan kwanonin Ahlul Kitabi aka umurce shi da wanke su in bai sami waɗansu ba. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin Ramadan yana da izinin ajiye azumi ya rama, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ko da yake yin azumin ya fi ga mai iko. Sai dai a kula, a mashhurin mazhabar Malik wanda ya kwana da niyyar azumi yana cikin tafiya, sa'an nan ya karya da rana ba da uzuri ba, kaffara ta hau kansa. Shawarar a yanke ta tun da dare.

Sauran haƙƙin iyali, wanda sau da yawa ba a sa shi cikin lissafin tafiya. Mai mata fiye da ɗaya ba zai kwashe su duka a mota ɗaya ba. Annabi (S.A.W.) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari. Malikiyya sun ce miji yana da zaɓi in ban da tafiyar Hajji da ta yaƙi, inda ake ƙuri'a, amma mai hankali ya san tafiyar shaƙatawa zuwa Turai ba ta cikin abin da wadda aka bari za ta manta da wuri. Ƙuri'a ko karɓa-karɓa ta fi zama lafiya ga gidan da za a komo a tarar. Sa'an nan ɗakin motar ƙunci gare shi. Hadisi ya yi umurni da a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, Suratun Nur aya ta 58 kuma ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye, watau kafin Asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan Lisha. Tafiya ba ta ɗauke wannan ba. Wanda yake da samari da 'yammata ya nemi mota mai gadaje a rarrabe da labule, ko ya haɗa da tanti su mazan su kwana a waje, kowane yaro da mayafinsa. In kuɗinsa bai kai ga haka ba, rage yawan kwanakin ya fi masa a kan ya cusa balagaggu a shimfiɗa ɗaya. Uwargida kuma ba kuku aka ɗauko ba. In ita ce mai girki da wanke-wanke da renon yara a ɗan wurin da bai fi taku uku ba, sauran suna kallon duwatsu ta taga, to ita ba ta yi hutu ba, wurin aiki kawai aka sauya mata. Annabi (S.A.W.) yakan taya iyalinsa aikin gida yana zaune a Madina, balle a hanya.

Ƙasar da aka shiga ita ma tana da haƙƙi. Biza alkawari ce, farkon Suratul Ma'ida kuwa umurni ne da cika alkawari. Dokar hanya, da iyakar gudu, da wuraren da aka hana kwana, duk suna cikin abin da baƙo ya amsa da ya karɓi izinin shiga. A Ingila hannun hagu ake bi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin watan Afrilu na 1972, direban da ya saba da titin Ali Akilu ya yi hattara a kwanakin farko, musamman a shataletale. Sunna ta hana matafiyi yin zangon dare a kan hanya, ta kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu. Wanda ya buɗe tankin ƙazantar motarsa a gefen titi ko bakin rafi don gudun biyan 'yan kuɗi a wurin da aka tanada, ya faɗa cikin wannan gargaɗi dumu-dumu, ya kuma ja wa duk mai hula da mai lulluɓi baƙin jini. Motar kanta amana ce a hannun mai haya. Abin da ya lalace ba da sakacinsa ba shari'a ba ta ɗora masa, abin da ya ɓata da gangancinsa kuwa ya faɗa ya biya, ko da mai motar bai gani ba.

Inda kasaru yake farawa nan yake ƙarewa. Mai fita daga Kaduna zuwa Kano ba ya fara kasaru a tashar Kawo, sai ya wuce ƙarshen gidajen da suke haɗe da gari. A shekarun 1970 Kawo ce bakin gari ta arewa, yau kuwa gine-gine sun miƙe har wajen Rigacikun, iyakar ta matsa tare da su. Haka in ya komo, yana kan kasaru har ya iso gidajen garin ko dab da su, daga nan ya cika, ko da bai kai ƙofar gidansa ba. Sallar da ta kuɓuce masa a hanya raka'a biyu zai rama ta ko a tsakar ɗakinsa, wadda kuma ta kuɓuce masa a gida kafin ya tashi huɗu zai rama ta ko a tsakiyar tafiya.